Wa Ya Naɗa Kaset Alƙalin Waƙa?

Yau da ɓacin rai na ɗauki alƙalami, don haka wanda maganata ta taka masa ƙafa ya yi haƙuri, ba da shi nake ba, da ɗabi'ar nake.

Kwanakin baya na je bikin ɗiyar ƙanena a Sakkwato. Mu mutanen ƙasar Sabon Birni ne, amma kamar dubban 'yan'uwanmu, rashin tsaro ya sa yanzu a birni muke ɗaurin aure, a gidan haya, nesa da kabarin iyaye. Uban amarya ya so a ɗan ji ƙamshin gida, sai ya aika aka zo da wani dattijo makaɗin kotso daga wajen Isa, shi da 'yan amshinsa uku. Bayan la'asar suka zauna a tabarma, suka soma ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin fada. Da farko a hankali suka ɗauko ta, kamar mai tafiya da ƙwarya cike da nono. Can da dattawanmu suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kari, sanƙira ya buɗe maƙogwaro yana zuga, sai hannun tsoho ya ƙara wuta, 'yan amshi suka bi shi, wuri ya ɗauki zafi. Na ga wata gwaggona da ta shekara biyu ba ta yi dariya ba tana share hawaye tana rangaji.

A daidai wannan lokaci ne ɗan ƙanwata, ɗalibin jami'a, yaro mai hankali wanda nake ji da shi, ya matso kusa da ni ya kara mini wayarsa a kunne. Ya ce, "Kawu, tsohon nan fa ɓata waƙar yake yi. Saurari ta asalin ka ji. Shi ya cika gudu."

Ta asali! Wallahi kalmar nan ta tsaya mini a maƙoshi har yau. Mutum yana zaune a gabanka da ransa da numfashinsa, ya gaji kotson nan daga ubansa, ya yi shekara fiye da hamsin yana matsa shi a hammata, amma wai ɗan abin da ke cikin waya shi ne na asali, shi kuma tsohon kwaikwayo yake yi, kuma ma bai iya ba. Ban ga laifin yaron ba. Abin da ya tashi ya tarar ke nan. Laifin namu ne da muka bari aka naɗa wa kaset rawanin alƙalanci a kan waƙa, har ya zama duk makaɗin da takunsa ya saɓa wa na faifai, mun yanke masa hukuncin kuskure.

Bari in fara da shi wannan "na asali" ɗin, mu ga ko ya isa ya yi shaida, balle alƙalanci. Tsofaffin waƙoƙin da muke taƙama da su, irin na Ibrahim Narambaɗa Tubali da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo, ba daga sama suka faɗo cikin wayoyinmu ba. Sun biyo ta faifan garmaho, da tef na gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sannan kaset, sannan faifan CD, kafin su iso katin waya. Kowane zango da irin nasa zaluncin. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya, fuskarsa guda ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3, don haka waƙar da ake kwashe rabin dare ana yi a ƙofar fada, dole a datse ta ko a matse ta ta shiga. Shi kuma garmahon wani ake yi masa da hannu, in wanin ya fara saki sai muryar mawaƙi ta riƙa ja da ƙasa. Kaset an ƙera shi ne ya riƙa tafiyar santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, amma duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da ke faruwa in batir ya yi sanyi: murya ta yi kauri, kiɗa ya riƙa jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi. Mu da kanmu mun sha shanya batir a rana ko mu ciccije shi don Shata ya dawo hayyacinsa. To a haɗa da masu kwafar kaset na kasuwa, wannan ya kwafa daga wancan, wancan daga wani, da rikodoji waɗanda belinsu ya saki. Bayan wannan doguwar tafiya, wa zai dafa Alƙur'ani ya ce saurin da ke fitowa daga wayarsa shi ne daidai saurin da hannun makaɗi ya yi a ranar?

A bar ma maganar na'ura. Mu ƙaddara an ɗauki waƙar tsaf babu ragi. Abin da aka ɗauka ɗin zama ɗaya ne, na rana ɗaya, sau da yawa a cikin ɗaki rufe, babu sarki a gaba, babu mai kari, babu guɗa, ga wani ma'aikaci yana duba agogo yana ɗaga hannu. Makaɗin fada a irin wannan ɗaki kamar ɗan kokawa ne da aka ce ya gwada kamu ba tare da abokin karawa ba. Zai nuna maka yadda ake yi, amma ba za ka ga kaye ba. Masu tara waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun san waƙa guda tana da ɗauka iri-iri, wata ta fi wata tsawo, wata ta fi wata zafi, wata da ɗiyan da babu su a sauran. Wacce ce ta asali a cikinsu? Dukkansu. Gindin waƙa ne kawai ke zaune daram, ɗiyanta da takunta kuwa wuri da jama'a ne ke haifar da su.

Da aka tashi sallar magariba na je na durƙusa gaban dattijon nan na gaishe shi, na ce, "Baba, yara na cewa kun fi kaset sauri." Ya yi murmushi, yana shafa fatar kotsonsa, ya ce, "Ɗana, kiɗi doki na. In kag ga hili ka sakam mai linzami, in kat taras da sarki ka ja shi ya yi takama. Wanga abu da yaro ka riƙo ga hannu nai, hili ya gani ko sarki?" Na rasa abin cewa, domin a jimla uku ya gama abin da nake ta zuba a shafuka. Ba banza ba ma ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin Narambaɗa ta doki ce, Dokin Iska Ɗanhilinge. Mutanen da suka san bambancin takama da sukuwa da zamiya ba za su yarda a ce tafiya iri ɗaya ce ba.

Kuma a lura, ba cewa nake yi kiɗan fili kullum ya fi na faifai sauri ba. A wannan zaman dai, da wani dattijo mai sarauta ya shigo, tsohon nan ya sassauta hannu har sai da ka riƙa jin kowane yatsa yana sauka daban, ya ba wa kirari wurin zama, sai da baƙon ya zauna sannan ya sake ɗagawa. Makaɗin dambe da kalangunsa haka yake: kafin a shiga fage yana lallaɓawa yana kiran sunaye, da an ja zare sai ganga ta haukace, da an yi kisa ta canza harshe. Mai gangar noma a gayya yana kallon bayan manoma ne, in ya ga kunya ta kusa ƙarewa ya ƙara wuta, in ya ga rana ta gasa su ya rage. Saurin kiɗa zance ne tsakanin makaɗi da mutanen da ke gabansa. Wanda ya ɗaure shi a turke ɗaya ya kashe zancen.

Kada wani ya ce wannan ƙauyanci ne na Gobirawa da ba su san ƙa'ida ba. Turawan da suka ƙera na'urorin nan su ma sun daɗe suna wannan gardama a kan makaɗan rok, wato masu jita mai lantarki da ganguna. Akwai wata ƙungiya ta birnin New York a Amurka mai suna Ramones. Faifansu na farko da ya fito a 1976 waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, wato tun a situdiyo ma ba su da jan jiki. Amma a daren ƙarshe na 1977 da aka ɗauki wasansu a gaban jama'a a Landan, wanda aka fitar da sunan It's Alive, waƙoƙi 28 suka zuba cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, wannan na ƙarewa wannan na hawa, da gudun da ya wuce na faifai. Masoyansu ba su ce sun ɓata waƙa ba, har yau suna lissafa wannan faifai cikin mafi kyawun abin da suka bari. Dalilin ƙarin saurin ba boyayye ba ne. Mutum in ya tsaya gaban dubban jama'a suna ihu, zuciyarsa tana ƙara bugawa, jini yana ɗumi, abin da yake ji a matsayin daidai a wannan lokaci ya fi na ɗakin ɗauka sauri. Mai ganga ne ke ba da taku, kuma shi ma ɗan Adam ne.

Daga baya aka kawo musu magani. Tun 1815 wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi rajistar wani ɗan agogon kiɗa mai ƙwas-ƙwas, wanda ke ƙidaya bugu nawa za a yi a minti. Jikan wannan agogo ne yanzu ake sa wa mai ganga a kunne a manyan wasanni, yana jin ƙwas-ƙwas ɗin shi kaɗai, don kiɗansa ya yi daidai da fitilu da hotuna da sautukan da aka riga aka ɗauka. Wasa ya fito tsaf kamar na faifai. Sai kuma masu sauraro da yawa suka fara ƙorafin cewa in dai abin da ke faifai za a maimaita musu ba ragi ba ƙari, me ya fito da su daga gida? Ƙarshen wannan hanya shi ne abin kunyar Milli Vanilli, samari biyu da aka gano baki kawai suke motsawa, muryar ma ba tasu ba ce, har aka ƙwace musu kyautar Grammy a 1990. A nan gida kuwa, Fela Kuti da ya rasu a 1997 ya shahara da cewa in ya riga ya sa waƙa a faifai ba ya komawa ya yi ta a dandali. A wurinsa waƙa tana rayuwarta ne a gaban jama'a, faifai kuwa inda ake ajiye ta ne bayan ta gama.

Misalin da ya fi kusa da mu ma daga maƙwabta yake. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ɗin nan tamu ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta goge irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel. Amma abin da ya kai shi manyan dandamalin Turai da Amurka shi ne irin kiɗan bikin Agadas, shi da mai gangarsa na gaske, inda ake ɗauko waƙa a hankali a riƙa ƙara mata wuta har sai ta zama guguwa. Wato abin da ɗan ƙanwata ya kira ɓata waƙa, shi ne Turawa ke sayen tikiti su je su gani.

To mu ina muka dosa? Tun daga ƙarshen shekarun 1990 da fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano, mai kiɗa lamba yake dannawa, na'ura ta riƙe wannan taku daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba ta gajiya, ba ta jin daɗi, ba ta san an yi kari ba. Ban ƙi wannan a fim ba, domin mai rawa a gaban kyamara yana buƙatar takun da ba ya motsi. Inda na ƙi shi ne da aka kwaso shi aka kawo dandalin biki. A wannan bikin namu, bayan isha'i aka kawo wani matashin mawaƙi mai tashe, wanda kuɗin da aka ba shi ya ninka na tsohon nan ban san sau nawa ba. Ya zo da mai sa faifai, aka danna, ya riƙe makirufo yana tsalle yana motsa baki. Ana cikin haka janareta ya shaƙe ya mutu. Jama'a, bakin bawan Allahn nan a buɗe ya tsaya, babu abin da ke fita. Aka ce ya ci gaba da baki kafin a gyara, ya ce sai dai a jira wuta. Da dattijon bai riga ya tafi masauki ba, da na roƙe shi ya fito, domin kotso bai san fetur ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce ba don faifai ba da yanzu ba mu san muryar Narambaɗa ba, tunda ya rasu tun farkon shekarun 1960. Gaskiya ne, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka ɗauka da alheri. Ni ma da kaset na tashi, kuma da shi masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka samu abin nazari har suka rubuta mana littattafai. Amma hoton mahaifina da ke rataye a ɗakina, duk son da nake masa, ban taɓa cewa ƙanena ya yi kuskure ba don bai tsaya yadda Baba ya tsaya a hoton ba.

Za a kuma ce ai akwai makaɗin da gudunsa na rashin iyawa ne ko na zumuɗin kuɗi. Wannan ma gaskiya ne. Na sha ganin yaron da ke sheƙa kalangu har kalmomin mawaƙi su riƙa hawa kan juna, 'yan amshi na haki, ba a jin habaici balle zambo. Waƙar Hausa magana ce, in sauri ya cinye maganar an yi asara. Sai dai mai gyara wannan shi ne uban kiɗa da zai juyo ya harare shi, da kunnen jama'a da suka san abin. Maganin mahayin da bai iya ba shi ne a koya masa riƙon linzami, ba a sauke shi a ɗora shi kan dokin katako ba.

Za a ce ɗaukar ƙungiya mai mutum bakwai ko goma tsada gare ta, mai faifai kuwa shi kaɗai ne da akwatinsa. Wannan hujja da ta yi ƙarfi da a ce kuɗin ne babu. Amma na ga abin da aka liƙa wa mai motsa baki a daren nan, ya isa ya ciyar da gidan makaɗan kotso wata guda.

Abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi shi ne halin da ƙasarmu ke ciki. Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo, ta faɗi a 1808, shekara 69 kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877. Babu faifai ko ɗaya daga fadarta. Amma kirarin Bawa da kiɗan sarautar Gobir sun tsallake faɗuwar birni, suka bi Gobirawa zuwa Tsibiri da Sabon Birni, saboda akwai taro, akwai yaro zaune bayan ubansa yana kallon hannunsa. Yau wannan taron ne ke mutuwa. Ƙauyuka da dama na Isa da Sabon Birni sun watse, wasan dare ya zama kasada, kowa na sauri a ɗaura aure a watse kafin duhu. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a yankin saboda 'yan bindiga. A watan Agusta na 2024 suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, bayan sun yi makonni suna tsare da shi, Allah Ya jiƙansa. Inda sarki bai tsira ba, ina makaɗin sarki zai zauna ya yi kiɗa?

Saboda haka yaron da ke son kotso a yau, mafi yawan abin da zai koya daga katin waya zai koya. Zai haddace taku ɗaya, na rana ɗaya, wanda wataƙila ma mataccen batir ya jirkita, ya ɗauka shi ke nan waƙar. Zai iya kalmomin, amma ba zai san yaushe ake saki yaushe ake ja ba, domin wannan ilimi ba ya cikin faifai, a fuskar jama'a ake karanta shi. Ranar da dattawan nan suka ƙare, za mu wayi gari da dubban waƙoƙi a aljihu, babu mutum ɗaya da zai iya tashin wuri da su. Kuma abin takaicin, ba 'yan bindiga kaɗai za a tuhuma ba. Har da mu da muka samu ragowar makaɗan a gabanmu muka kara musu waya a kunne muna gyara musu.

Roƙona kaɗan ne. Mai biki da Allah Ya hore masa, ya kira masu kiɗan hannu, ya ba su lokaci mai kyau, kada a tura su tsakar rana kafin baƙi su zo, kuma ya biya su kamar yadda yake biyan mai fiyano. Mawaƙan zamani, waɗanda da yawansu Allah Ya ba su murya da basira, su daure su riƙa hawa dandali da makaɗa na gaske ko da mutum biyu ne, su yi waƙar da bakinsu, in ta ƙara sauri ta ƙara, ba wanda zai kai su kotu. Masu ɗauka da waya da ɗaliban sashen Hausa na jami'o'inmu, in za ku ɗauki makaɗi ku ɗauke shi a taro, daga farko har ƙarshe, da guɗar da zugar da hayaniyar, kuma ku ɗauki waƙa guda a wurare uku, don na baya su gane cewa tana da fuska fiye da ɗaya. Gidajen rediyonmu kuma su riƙa faɗa wa mai sauraro a ina aka ɗauki waƙa, a ɗaki ne ko a fili.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, washegari na kai shi masaukin dattijon kafin su kama hanya. Na ce ya gaishe shi ya roƙi a yi masa waƙar jiya. Tsoho ya ɗauki kotso ya yi ta a zaune, mu huɗu kawai a ɗaki, a hankali ƙwarai, har ta fi ta wayar sanyi. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, yau kuma ai ta fi ta kaset jinkiri." Dattijo ya ce masa, "Jikana, jiya biki akai, yau bankwana mu kai."

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa, a sake jin kotso a ƙofar fada da dare ba tare da ana waige ba. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki.